Wata bakwai ina bin sawun m6A a kansar bututun abinci

Ranar da Malam ya kira ni ofis ya ce furojet ɗina zai zama a kan kansar bututun abinci, wato bututun nan da ke ɗaukar abinci daga maƙogwaro ya kai shi ciki, ni a tunanina lab zan shiga kai tsaye in sa farar riga. Sai ya ce a'a, da kwamfuta zaka fara, akwai bayanan marasa lafiya da aka riga aka tara suna nan kyauta a intanet, kaje ka sauke ka duba min ko alamar m6A da ake liƙa wa RNA, da kuma yadda ake yanka RNA ɗin a sake ɗinke shi, zasu iya nuna mana wane mara lafiya zai daɗe a raye wane ne ba zai daɗe ba. Na ce to Malam. Na fito da takarda ɗaya a hannu cike da sunaye irin su METTL3 da FTO da YTHDC1, kuma wallahi a lokacin ko ɗaya bansan aikin da yake yi ba.

Sati uku na farko karatu kawai nayi. Abinda na fara fahimta shine ƙwayar gado da ke cikin DNA ba a jere tsaf take ba, akwai yankunan da ake buƙata ana ce musu ekzon, akwai kuma na tsakani da ake cirewa a zubar ana ce musu intron. Idan tantanin jiki ya kwafo saƙon zuwa RNA sai ya yanke intron ɗin ya ɗinke ekzon da ekzon, kamar dai tela ya shimfiɗa yadi ya yanka ya haɗa. Tun 1977 aka gano haka, Phillip Sharp da Richard Roberts suka samu kyautar Nobel a kansa a 1993. Inda abin ya ja hankalina shine ba ɗinki ɗaya ake yi ba kullum, yau a saka ekzon na uku gobe a tsallake shi, sai kaga ƙwayar gado ɗaya ta fitar da furotin iri biyu ko uku ko fiye, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin gadonmu masu ekzon da yawa haka suke yi. Misalin da ya sa na ajiye biro nayi shiru shine BCL-X, idan aka ɗinka shi dogo yana hana tantani mutuwa, idan aka ɗinka shi gajere shi ne ma ke tura tantanin ya mutu. Yadi ɗaya fa. Kaga kuwa kansa da babban burinta kar ta mutu, ai an san wanda zata fi so.

Ita kuma m6A wani ɗan ƙaramin ƙulli ne na sinadarin metil da ake liƙawa a jikin harafin A, ɗaya daga cikin haruffa huɗu da ake rubuta saƙon RNA da su. Tun 1974 aka ganta amma mutane suka ɗauka ado ne kawai da ba ya motsi, sai a 2011 da ɗakin binciken Chuan He a Chicago ya nuna cewa FTO na iya goge ta, a 2012 kuma aka samu hanyar zana taswirar inda take a jikin RNA gaba ɗaya, daga nan ne kowa ya rugo. Masu aikin sun kasa furotin ɗin da ke hulɗa da alamar kashi uku, akwai masu rubutawa irin su METTL3 da METTL14 da WTAP, akwai masu gogewa FTO da ALKBH5, sai masu karantawa, dangin YTH da IGF2BP da HNRNPC da HNRNPA2B1. Mahaɗar maganar biyu tana wajen masu karantawan nan. YTHDC1, ɗaya daga dangin YTH, yana zaune ne cikin cibiyar tantani inda ake ɗinkin, idan ya ga alamar sai ya janyo wani furotin na ɗinki mai suna SRSF3 ya kori ɗan uwansa SRSF10, sai a bar ekzon ɗin a ciki maimakon a tsallake shi, a 2016 aka nuna wannan. Wato alamar kamar alli ce da tela ke zanawa a yadi kafin ya sa almakashi. Tambayar Malam kenan, idan allin ya rikice a cikin kansa, ɗinkin zai rikice, to rikicewar zata nuna a tsawon ran mutum?

Kafin in taɓa data sai da Malam ya tura ni wajen wata likitar fiɗa abokiyar aikinsa, ya ce je ka ji yadda ciwon yake a jikin mutum tukunna. Na same ta ta fito daga tiyata a gajiye, ta ce zauna ƙanina. Ta ce matsalar ciwon nan shi bututun yana da buɗewa, ƙari zai yi ta girma a ciki mutum bai ji komai ba, sai ya cinye wuri sosai sannan abinci mai tauri ya fara tsayawa a ƙirji, mutum ya koma mai laushi yana cewa ai zai wuce, daga baya mai laushin ma ya ƙi, ƙarshe ruwa ma da ƙyar, wani har yawun bakinsa baya iya haɗiyewa sai ya riƙe ƙyalle. Ta ce yawanci sai a nan suke zuwa mata, sun rame sun ƙare. Ta ce ni abinda nake so daga ku masu kwamfuta, mutum biyu su zo min ciwonsu mataki ɗaya shekarunsu kusan ɗaya in yi musu aiki iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara biyar ɗaya bai kai wata goma ba, ku faɗa min me ya raba su. Wannan maganar tata ce ta riƙe ni duk lokacin da aikin ya ishe ni. A ƙididdigar 2020 ta duniya mutum wajen 604,000 aka samu da ciwon a shekarar, wajen 544,000 suka rasu da shi, ko a Amurka waɗanda ke kai shekara biyar bayan an gano shi kusan ɗaya ne cikin biyar.

Sai na shiga saukewa. TCGA wani babban shiri ne na Amurka da aka fara a 2006, suka tara bayanan kansa iri 33, ɓangaren bututun abinci sunansa ESCA kuma mutum 185 ne a ciki. Fayil uku nake buƙata, na yawan RNA na kowace ƙwayar gado, na asibiti mai ɗauke da shekaru da matakin ciwo da kwanakin da mutum ya rayu, sai na ɗinki wanda ke wata ma'ajiya daban mai suna TCGA SpliceSeq ta cibiyar MD Anderson. Su sun kasa sauyin ɗinki gida bakwai, mafi yawa shine tsallake ekzon, akwai barin intron a ciki, akwai canza wurin farawa da wurin ƙarewa da sauransu, kowanne kuma an bashi lamba tsakanin 0 da 1 da ake kira PSI, idan 0.8 ce ma'ana cikin kwafi goma takwas suna ɗauke da wannan yankin. Fayil ɗin na ɗinki layinsa dubbai ne bila adadin, da na buɗe shi a Excel kwamfutar ta sandare sai da na kashe ta, dole na koma koyon R, wata manhajar lissafin bayanai.

Haɗa fayilolin nan uku ya cinye min kwana tara kuma laifin wani ɗan layi ne. Lambar kowane mara lafiya tana da ƴan sanduna a tsakani, shi kuma R idan ya karanto su a matsayin kan kolam sai ya mayar da sandunan ɗigo ba tare da ya faɗa maka ba, ni kuma ina ta haɗawa yana bani tebur babu mutum ko ɗaya, babu saƙon kuskure babu komai, fanko kawai. Sai wani dare na buga sunayen guda biyar daga nan biyar daga can na jera su ina kallo da ido, sannan na gani. Bayan nan na koyi cewa harafi 12 na farko su ne mutumin, lambar da ke biye kuma ita ke nuna irin naman, 01 ƙari ne, 11 lafiyayyen nama ne na gefe, kuma lafiyayyun ba su kai 20 ba a ESCA, abinda ya sa duk kwatancen da zaka yi tsakanin mai ciwo da lafiyayye yake tsaye da ƙafa ɗaya.

Fayil ɗin asibiti shi ya fi taɓa ni. Akwai kolam na kwanaki zuwa rasuwa, akwai na kwanaki zuwa ganin ƙarshe da likita ya yi wa mutum. Wanda ya rasu ka ɗauki na farko ka sa masa 1, wanda ba a ji rasuwarsa ba ka ɗauki na biyu ka sa masa 0, kuma 0 ɗin ba yana nufin ya warke ba, ana nufin daga ranar nan ba a ƙara sanin labarinsa ba. Da hannu na bi layukan ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar, sai ka tarar da mutum an rubuta kwana ɗari da ƴan kai a gabansa, ka lissafa kaga wata huɗu kenan, ka tuna ƙyallen da likitar nan ta faɗa. Na cire waɗanda aka bibiya ƙasa da kwana 30 kamar yadda akasari ake yi, na cire waɗanda basu da bayanin ɗinki, mutanena suka ragu.

Daga nan aikin ya fara gudu. Na jefa kowane sauyin ɗinki cikin lissafin Cox ɗaya bayan ɗaya in ga wanne ke tafiya da saurin rasuwa, aka fito min da tuli. Na tace su na bar waɗanda PSI ɗinsu ke hawa da sauka tare da yawan RNA na masu rubuta m6A da masu gogewa da masu karantawa, sannan na sa wata dabarar lissafi ta tacewa mai suna LASSO ta rage su zuwa ƴan kaɗan, na haɗa su suka zama maki ɗaya na haɗari ga kowane mutum, na raba mutanen biyu daga tsakiya, masu babban maki da masu ƙarami, na zana layin Kaplan-Meier, wato zanen da ke nuna kashi nawa na kowane rukuni ke raye yayin da lokaci ke tafiya. Wallahi da zanen ya fito sai da gabana ya faɗi don murna, jan layi na masu babban maki ya gangaro ƙasa da sauri, shuɗi na masu ƙaramin maki yana can sama, tsakaninsu fili kamar kogi, ƙimar p kuwa, wadda ƙanƙantarta ke nuna da wuya sa'a kawai ta kawo irin wannan bambancin, sifili sifili sifili. Ƙarfe biyun dare ne amma na tura wa Malam hoton.

Da safe ya ce in zo. Ya kalli zanen ya daɗe, ya ce ya yi kyau, sannan ya ce sauyin ɗinki nawa ka gwada tun farko? Na ce dubbai ne Malam. Ya ɗauki biro ya ce mu ɗauka 40,000 ne, kuma mu ɗauka babu ko ɗaya da ke da alaƙa da ciwon, idan ka sa iyakar p ɗinka a 0.05 nawa zasu tsallake da sa'a kawai? Na lissafa na ce 2,000. Ya ce to kai ka tsinci mafi kyau cikin irin waɗannan, ka gina ma'auni da mutanen nan, ka dawo ka gwada ma'aunin a kan mutanen nan dai, ta yaya ba zai yi kyau ba? Ya ce je ka hargitsa kwanakin rayuwar, ka ba kowa na wani, ka sake bin hanyar tun daga farko ka kawo min abinda ka samu.

Nayi hakan a ranar. Na hargitsa su yadda babu sauran wata alaƙa ta gaskiya da zata rage, na sake Cox na sake LASSO na sake zane, sai ga jan layi da shuɗi sun sake rabuwa, fili a tsakani, kusan kamar na jiya. Na sake hargitsawa, suka sake rabuwa. Na daɗe zaune ina kallon allon, raina ya ɓaci sosai, ba don wahalar da nayi ba, sai don na tuna takardu nawa na karanta masu irin wannan zanen na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma na san wani zai iya ɗaukar irin wannan ya kai gaban likita. Ni a ganina duk wanda zai yi aikin nan ya kamata gwajin hargitsawan nan ya zama farilla a kansa kafin ya nuna wa kowa zane.

Abu na biyu da Malam ya tono ya ma fi wannan girma. Ya ce mutanen naka ciwo ɗaya suke da shi? Na ce eh mana, duk ESCA ne. Ya girgiza kai. Ashe suna ɗaya ne amma ciwo biyu ne. Akwai mai tasowa daga shimfiɗaɗɗun tantanin da suka lulluɓe bututun, ana taƙaita shi ESCC, shi ne ya fi yawa a duniya, yana tafiya da taba da giya da shan abu mai tsananin zafi, hukumar binciken kansa ta duniya ma a 2016 ta sa abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi, kuma ya fi yawa a arewacin Sin da Iran da gabashi da kudancin Afirka. Ɗayan kuma EAC, daga ƙasan bututun yake tasowa inda ruwan ciki mai tsami ke yawan dawowa sama ya ƙona wurin har fatar ta canza, yana tafiya da ƙiba, ya fi yawa a Turai da Amurka. Su kansu masu TCGA a rahotonsu na 2017 da suka duba ƙari 164, 90 na farkon 72 na biyun, cewa suka yi na farkon ya fi kama da kansar kai da wuya, na biyun kuma ya fi kama da wata irin kansar ciki, har suka ce bai kamata a riƙa haɗa su a matsayin ciwo ɗaya ba. Ni kuwa na zuba su tukunya ɗaya. Da na rina ɗigon mutanen da launi biyu bisa irin ciwonsu sai naga da yawa cikin sauye-sauyen ɗinkin da nake taƙama da su ba tsawon rai suke nunawa ba, irin tantanin kawai suke nunawa, domin shimfiɗaɗɗen tantani na ESCC da mai fitar da majina na EAC dama can ɗinkinsu ba ɗaya bane.

Na raba su, kowane ɓangare ya koma ƙasa da mutum 100, waɗanda suka rasu a ciki kuma basu da yawa, kuma masu lissafi suna cewa kana buƙatar wajen rasuwa 10 kafin ka ƙara abu ɗaya cikin ma'auninka, kaga ma'auni mai abu goma sha ya tashi kenan. Na sa gyaran Benjamini da Hochberg don rage na sa'a, tulin nan ya zube saura ƴan tsiraru. Na sa matakin ciwo da shekaru cikin lissafin don in ga ko suna faɗin wani abu da likita bata riga ta sani ba, wasu suka ƙara faɗuwa. Na nemi wasu mutanen daban da zan gwada a kansu, na samu GSE53625 mai ɗauke da mutum 179 masu ESCC daga Sin, nayi murna, sai na tarar da wata fasaha daban aka auna su wadda ke bada yawan RNA amma bata bada PSI, don haka masu rubutawa da masu karantawa kawai na iya dubawa a can, ɗinkin kam babu hali.

Akwai kuma wani abu da sai a wata na biyar ya faɗo min, ina cikin rubuta babin hanyoyin aiki na rubuta cewa na auna m6A, sai na tsaya na ce a ina na auna ta? Babu inda na auna ta. Na'urar da ta karanta RNA na mutanen nan sai da aka mayar da shi DNA tukunna, kuma a wannan juyin A mai alama da A mara alama duk ɗaya suke fitowa, alamar ta ɓace. Abinda ke hannuna shine yawan saƙon METTL3 da ƴan uwansa, wato na ƙirga masu riƙe da alli ne ban ga zanen allin ba, kuma yawan saƙo ba shi ne yawan furotin ba, yawan furotin ma ba shi ne yawan aiki ba. Sannan idan abu biyu suna hawa tare a cikin ƙari, yana iya zama don ƙarin na saurin girma ne komai na hawa, ko don samfurin na cike da tantanin garkuwar jiki da suka shigo yaƙi. Na goge jimlar na rubuta gaskiyar abinda nayi, na canza har kan furojet ɗin, Malam ya karanta ya ce yanzu ka fara magana.

Abinda ya rage min a ƙarshe sauyin ɗinki ne guda ƴan kaɗan a ɓangaren ESCC da suka ƙi faɗuwa duk yadda na jijjiga su, ɗaya daga ciki tsallake ekzon ne da ke tafiya da YTHDC1, kuma da na duba jerin haruffan kusa da ekzon ɗin akwai wani tsarin haruffa da ake kira DRACH wanda METTL3 ke son sa alama a kai. Ban kira shi ma'aunin hasashe ba, na rubuta shi a matsayin abin da ya cancanci a gwada da hannu. Na koma wajen likitar na faɗa mata har yanzu bani da amsar tambayarta, ta ce ƙanina gara haka da ka kawo min abinda zan faɗa wa iyalin mutum ya zo ya zama ba haka ba, ta kuma ce idan kwamitin ɗa'a ya amince zata taimaka a fara adana naman da ake cirewa a tiyata tare da bibiyar masu shi yadda ya kamata.

Wata na bakwai ne na sa farar rigar. Muka samo tantanin kansa da ake renawa a lab masu suna KYSE-150, waɗanda asalinsu daga ESCC ne, muka raba faranti biyu, ɗaya muka sa masa siRNA, wani ɗan guntun RNA da zai rage YTHDC1, ɗaya muka barshi, bayan kwana biyu na ciro RNA, hannuna na rawa don RNA baya jure wasa, ɗan gumin yatsa ya isa ya lalata shi. Na tsara firaima biyu, wato ƴan guntayen DNA da ke nuna iyakar yankin da za a kwafa, ɗaya a ekzon na gaba ɗaya a na baya, yadda idan na tsakiyan na ciki zan ga dogon zare idan an tsallake shi zan ga gajere. Na zuba a jel ɗin da ke raba zare bisa tsawonsa, gajere ya fi sauka ƙasa, na jira minti 40, na kai ɗakin duhu na kunna fitilar. Layi biyu suka fito a kowane rami, na sama da na ƙasa, kuma a ramin da muka rage YTHDC1 na ƙasan ya fi kauri kaɗan, kaɗan ɗin da sai ka matso ka ƙura ido. Na ɗauki hoto na kai wa Malam, ya sa tabarau ya duba ya ce sau nawa kayi? Na ce sau ɗaya. Ya ce ka maimaita sau uku da sabon tantani, ka ƙara siRNA na biyu daban, sannan mu rage METTL3 ma mu ga ko zai bi hanya ɗaya. Jiya na shuka faranti shida, jibi zan ciro RNA.